Tantin Girki

Shekara goma sha tara ina dafa wa masu awon ƙanƙara dankali
a nan saman Andes, inda numfashi ke tsada,
ruwa ya tafasa, wake ya ƙi nuna.

Tanti ba shi da sakata.
Na san wannan tun kafin su san
taku nawa ƙanƙarar ta ja da baya.

Akwai wata Nélida,
ɗalibar da ke hura wa alƙalami iska kafin ya yarda ya yi rubutu.
Dare na huɗu ta shigo min da bargonta,
ta ce tantinta na yoyo.
Mako uku ba mu ga hadari ba.
Na janye buhun dankali, ta kwanta.
Ban tambaya ba.
Shiru ma magana ce, ni ce na toshe kunne.

To, wa za ta gaya wa?
Wayar tauraron ɗan'adam tana aljihun Dakta Arrieta,
mukullin mota yana aljihunsa,
sa hannun da digirinta ke jira, shi ma can.
Gari kuwa kwana biyu ne a bayan alfadari.

Ba ta dawo ba.
An ce tana sayar da magani a Huaraz.

Bana wata ce ta jagoranci tafiyar, Dakta Rosaura.
Kafin a ɗaura kaya ta tara mu a bakin rafi,
ta karanta doka da Sifaniyanci,
ta sa aka maimaita da Kecuwa don masu alfadarai.
Ba mai hawa dutse su biyu da wanda ke riƙe da makinsa.
Kowa da usur a wuya.
Ga lambar wata mata a Lima
wadda ba ta cin albashi a hannun kowa a cikinmu.
Wilber ya yi dariya. Ba wanda ya taya shi.
Da yamma ya dawo, ya roƙi usur ɗaya don ƙanwarsa.

Wayar yanzu tana rataye a sandar tantina,
tsakanin ludayi da albasa.
Mai so ya ɗauka, ba sai ya faɗi dalili ba.

Ƙanƙarar dai tana ta narkewa, ba ta jira mu ba.
Ni kuma in na ga yarinya tana juya cokali a kwano
ba ta kai baki ba,
sai in rage wuta, in zauna kusa,
in tambaya.
In jira, ko da miyar za ta kama.