Tarago a Tafin Hannu

Kwalin ya iso ran Talata, ana yayyafi a Tregaron.
Idwal Prydderch ya share teburin girki,
ya ture butar shayi gefe,
ya ɗora tabarau biyu a hanci, ɗaya bisa ɗaya.
Guntayen roba arba'in da uku, ruwan toka,
manne a reshe kamar 'ya'yan itacen da ba su nuna ba.
Takardar ciki ta ce: kashi ɗaya cikin saba'in da shida.
Ya yi dariya shi kaɗai.
Shekarunsa ke nan cif.

Da hantsaki yake ɗaukar ƙafar tarago,
ƙafar da ba ta kai maɓallin riga ba.
Hannu na rawa. Ya jira rawar ta gaji.
Ɗigon gam ɗaya, numfashi a riƙe,
bango ya tsaya, ɗan'uwansa ya jingina da shi,
rufi ya hau kamar murfin kwano.
Kwana uku, ga taragon shanu
zaune a tafin hannu, fes, ba tabo.

Nan ne ransa ya ɓaci.

Bai taɓa ganin tarago mai tsabta haka ba.
Babansa Gwilym shi ke wanke su a bayan tasha,
da asubar ranar kasuwa, ruwa na cizon yatsu,
yana kankare kashin jiya da shebur,
yana watsa yashi don kada kofato ya zame.
Shi kuma yaro, da sanda ta fi shi tsawo,
yana tare ƙofa, manoma na ihu daga tudu,
baƙaƙen shanu na hawa katako suna turjiya,
tururi na tashi daga bayansu.
Warin nan yakan bi mahaifin har gida,
ya zauna da su a kan abinci.

Don haka ya buɗe fenti.
Ya haɗa ruwan ƙasa da ɗan kore,
ya goga a gindin bango, inda ya san abin ke gangarowa.
Ya ɗiga tsatsa a kan sakata.
Ya karce katako na uku da bakin allura,
daidai inda wani bijimi ya taɓa kai suka
har ya raba Gwilym da rabin babban yatsa.
Ya yanka gashin tsohon buroshi, ya zuba a ciki, ya zama ciyawa.
Wanda ya zana kwalin ya auna komai da ma'auni,
amma bai taɓa tsayawa cikin abin da takalmi ba.

Ran Asabar jikarsa Nesta ta zo.
Ta kwantar da haɓa a kan tebur,
ido ɗaya a rufe, tana leƙe ta tsakanin katakai.
Shanu takwas ne a ciki, kowace kamar ƙwayar wake,
guda ta juyo da kai waje.

Ta ce, Kaka, ina za su?

Ya san amsa. Ya san sunan birnin,
ya san ba a sayar wa saniya tikitin dawowa.
Ya tuna wata karsana mai fari a goshi
da ta lashi hannunsa ta wannan tsagar,
harshe kamar magogi,
har jirgi ya ja, ya bar shi da jiƙaƙƙen hannu a iska.

Ya ce, tukuna dai, ba su tashi ba.

An kwashe dogon tun yana saurayi.
Inda tasha take, yanzu ba mai jiran kowa.
Amma a teburin nan akwai layi kamu biyu,
ba injin, ba jadawali, ba mahauci a ƙarshensa.

Takarda ta ce a manne ƙofa, mataki na ƙarshe.
Ya ɗauki gam, ya dube shi, ya mayar da murfi.
Nesta ta sa farce ta sauke ƙofar,
ta fito da su ɗaya bayan ɗaya,
ta jera su suna kiwo gefen kwanon sukari.