Mai Yankan Makulli a Sabon Gari

Teburina yana bakin Faransa Rod,
ƙarƙashin lemar da rana ta lashe launinta.
Makulli nake yankawa.
Kowa da yaren da yake zuwa da shi,
amma ɓatan makulli fuska ɗaya yake sa wa mutum.

Kakana Jatau ya ce nan da saura ce,
kukoki da ƙaiƙayi, sai dila in dare ya raba.
Rannan jirgi ya yi kuka daga kudu,
ya amayo akawu da kwat da lema,
birkila, kafinta, mai awon gyaɗa.
Birni ya leƙo su ta saman ganuwa,
Bature ya ja layi, ya ce ku zauna nan.
Suka zauna.
Tituna suka ɗauki sunan garuruwan da aka baro,
shi ya sa nake zuwa Inugu daga Abekuta
shayina bai huce ba.

Asuba a nan ba ta da baki ɗaya.
Ladan ya kira, ƙararrawa ta amsa,
janareto ya shiga tsakani ya raba gardama.
Iya Sidikatu na tuƙa amala,
tana yi wa jikoki faɗa da Yarabanci,
tana ciniki da Hausar da ta fi tawa gishiri.
Terhemba mai doya ya ci bashina tun azumin bara,
kullum sai ya gaishe ni da hannu biyu.
Ndagi Banufe yana gyaran agogo,
nasa kuwa ya tsaya a ƙarfe huɗu.

Ba zan rufe ka ba, baƙo,
unguwar nan ta ga jini.
Akwai shekarar da tasha ta cika da katifu da kuka.
Udeze mai kayan keke
ya ƙwanƙwasa wa kakana cikin dare,
ya danƙa masa makulli mai ɗumin aljihu:
“Jatau, riƙe mini. Wata uku.”

Wata uku ya zama yaƙi.
Wasu sun dawo, sun tarar da kuɗin haya a gwangwani,
an ƙirga, ko sisi bai yi ciwon kai ba.
Wasu sun tarar da wani a kan gadonsu.
Udeze bai dawo ba.

Kakana ya kafa ƙusa, ya rataye amanar,
duk Juma'a ya ɗiga mata man keke.
Shagon ya sha gobara,
ya zama kemis, ya zama wurin ɗinki,
yanzu waya ake sayarwa.
Ƙofar da makullin ya sani ta daɗe da zama toka.
Babana ya gaji ƙusar,
ni na gaji man.

Shekaranjiya wata yarinya ta tsaya,
Nkiru, ta yar da makullin ɗakinta a Adaidaita.
Na tambaye ta abin da nake tambayar kowa:
ko a garinku kin san wani Udeze?
Ta yi dariya har da riƙe ciki.
“Baba, wane garin namu?
A layin bayanka aka yanke mini cibiya.
Can sai Kirsimeti, kuma Hajiya suke ce mini.”

Na ba ta labarin ina goga ƙarfe.
Ta yi shiru, ta ɗaga tsohon makullin,
ta shinshina man.
“Yanka mini irinsa,” in ji ta.
Na ce, 'yata, ba ya buɗe komai.
Ta ce, “Na sani. Nawa ne?”

Ban karɓa ba.
Ta zura shi cikin zoben makullanta,
ta tsallaka titi tana kaɗa su,
ta ɓace tsakanin mai rake da mai lasifika.