Mai Zana Layi

Ni ke zana layin filin kwalejinmu,
bokitin farar ƙasa, igiya da turaku.
Shekara ashirin da shida a Tudun Wada,
ko sau ɗaya ba a ce "Me ka gani?" ba.

Ran Talata suka taru a ɗakin malamai,
taga a buɗe, ina ɗinkin raga a gindinta.
Barau ya daki tebur har shayi ya zuba:
"Kwalejoji sha biyu, kofuna har shida!
Kowa ya koma gida da rago da kiɗa.
To wane ne gwani? A faɗa mini sunansa.
A yi sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya faɗi ya kama hanya,
a bar mutum ɗaya tsaye a tsakar fage."

Malam Yohanna Kuyet ya cire tabarau,
ya goge da bakin riga, bai yi gaggawa ba.
"Barau, ango ɗaya kake so
da zawarawa goma sha ɗaya.
Karonmu da Kafanchan ya girmi aurenka.
Kofin nan mai karyayyen kunne
da aka ɗaure da wayar keke,
don shi matan Kakuri ke hura wuta tun asuba,
don shi bas uku ke tasowa daga kudu
da tsofaffi masu rantsuwa ba sa son ƙwallo."

"Tarihi ba ya cin ƙwallo," in ji Barau.
"Ka tuna shekarar da muka yi wasa tara
ba wanda ya taɓa ragarmu?
Zariya ma tara, ba mu haɗu ba.
Su suka tafi nasu kofin, mu namu.
Masu shayi suka ce su, 'yan acaɓa suka ce mu.
Gwiwata ta mutu, furfura ta fito,
har yau ban san ko mun fi su ba."

Ɗakin ya yi tsit. Fanka na ƙara.

Malama Jummai mai riƙe da asusu
ta ɗaga biro ba ta ɗaga kai ba:
"Wasa uku ƙari, ana gobe jarrabawa.
Wa zai sayi mai? Wa zai biya mai ɗori?"
Ba wanda ya amsa. An wuce ta
kamar yadda ake wuce ramin titi.

Ni dai allura na hannuna, zuciya biyu.
Na san Lado, golan da suka zo na takwas,
duk shekara ana zura masa kamar buhu,
amma ran Kofin Rago ya tare fenariti biyu.
Hoton na nan a shagon facinsa a Kawo,
ya koɗe, ƙuda sun yi masa zane,
'ya'yansa na nuna wa baƙi.
Da tsarin Barau ne, da tun makon farko
ya naɗe safar hannunsa.

Kuma na san daren da Barau yana saurayi
ya zauna a da'irar da na zana,
kofi a gefensa, bai ko dube shi ba,
yana tambayar ciyawa: "Mu ne ko su?"

Aka ɗaga hannu. Shida da shida.
Shugaba ya duba agogo, la'asar ta yi,
ya ce a bar maganar sai zama na gaba.
Suka fito suna musu har bakin famfo,
Yohanna ya hau bayan babur ɗin Barau
don hanyarsu ɗaya.

Da dare ruwa ya sauko, ya cinye layin.
Da safe na jiƙa farar ƙasa,
na ja igiya daga kusurwar masallaci
zuwa bishiyar dalbejiya.
Asabar akwai wasa.