Giram Ashirin da Bakwai

A Bergen, daren Laraba,
na ɗora tafiyata kan sikelin fulawar Ingunn.
Na datse wutsiyar buroshin haƙori,
na yanke gefen taswira inda babu komai sai teku,
ina murmushi ni kaɗai kamar mai ƙirga riba.

Saura fitilun goshi biyu.
Ta Baba Eilif, giram ɗari da casa'in,
batir uku a ƙeya, maɗauri ya saki,
har yau tana warin man jirgin ruwansa.
Tawa sabuwa, ashirin da bakwai,
ba ta kai ƙwan tattabara ba,
igiyarta zaren ɗinki.

Ingunn ta juya ta a tafi, ta ce, "Ina madannin?"
Na nuna mata da farce.
Ba ta ce uffan ba.
Ta cusa ta Baba a jakarta, gefen burodi.

Kwana uku a tudun Hardangervidda
kafaɗata tana sa mini albarka.
Na riga ƙanwata hawa kowane dutse,
ina jiranta a sama da fito a baki.

Rana ta huɗu ta faɗi tun la'asar.
Iska ta taso da ƙanƙara a bakinta,
hanya ta shige duhu ba sallama.
Na lalubi goshina da safar hannu:
madanni ya ɓata.
Na cire safar da haƙori,
yatsu sun zama itace.
Danna ɗaya, ja. Danna biyu, ƙyaftawa.
Danna uku, wani haske mara jini
da ya tsaya a bakin takalmina
ya ƙi gaba.

Garin gyaran gira, Aslak,
ka tsone ido.

Sai na ji ƙas! a bayana,
irin ƙarar da Baba ke yi da asuba
kafin ya sauka bakin ruwa.
Haske ya tsallake kafaɗata,
ya tsaga dare, ya dafa tarin duwatsu
mai jan fenti a goshi.
Ga wani can. Ga wani kuma.
Na bi sawun Ingunn
kamar ɗan akuya a bayan uwa,
inuwata ma ta bar ni.

A bukka, bayan yatsu sun dawo da kuka,
ta tuɓe fitilar tana murza wuya.
Maɗaurin ya bar mata shaida, ja wur.
Ta ce, "Tana da nauyi fa, kada ka ce ban faɗa ba."

Na kwanta ina lissafi a duhu:
ɗari da casa'in, a cire ashirin da bakwai.
Abin da ya rage bai kai tuffa ɗaya ba.
Kuma na ci tuffa biyu a hanya
ban auna ko ɗaya ba.