Ragowar Atamfa

Shekara talatin ina taka keke
a layin teloli na kasuwar Garwa.
Fuskokin da almakashina ya ratsa
sun fi kwale-kwalen Binuwai yawa.

Kowane zaɓe da atamfarsa.
A sauke ta bandir-bandir, kyauta,
mutum na murmushi tsakiyar furanni.
In raba kunnensa da kuncinsa
don hannun riga ya zauna daidai,
bai taɓa cewa wayyo ba.
Bayan an ƙirga ƙuri'a ma
bai taɓa cewa komai ba.

Jiya Inna Dudu ta kawo mayafinta,
zaɓe huɗu na harhaɗa mata a ciki:
wanda ya ce famfo, wanda ya ce kwalta,
wanda ya rantse kuɗin auduga ba zai sake kwana ba.
Na huɗun mun manta abin da ya ce.
Ta ce, Ɗantani, kama mini nan,
bakin wannan ya yage.
Na ce, Inna, tun yana sabo haka yake.

Bana kuma ga Na-Kowa.
Ba ya raba yadi, wai shi ba ɓarawo ba ne.
A kan buhun gero yake tsayawa,
silifas ɗinsa irin namu,
ya faɗi farashin sukari ba kuskuren dala ɗaya.
Wallahi ranar farko na yi kuka.
An daɗe ba a kira yunwata da sunanta ba.

Sai ran Laraba ya ce shi ne jama'a,
wanda bai bi shi ba, ba ɗan gari ba ne.
Ya ce alƙali da ɗan jarida ƙudaje ne,
a ba shi tsintsiya kawai.
Ya nuna bakin kasuwa da yatsa,
wai ga masu cinye mana tuwo.
Na bi yatsan da ido,
ya sauka kan Wangba mai walda,
wanda ya ɗinke mini ƙafar keke bashi
shekarar da ruwa ya ci rumfata.

Yarona Sajo ya jefa katinsa a kwalin tsumma.
Ya ce, Baba, akwatin nan tulu ne mai huji,
tun ban iya zira zare ba kuke ɗura masa ruwa.
Ban iya ce masa ƙarya yake ba.
Na dai tsamo katin da dare,
na goge, na sa a ƙarƙashin man keke.

Abin da na sani kaɗan ne, na tela:
riga in ta ɓarke a hammata
akwai mai cewa a ƙona ta,
kuma yawanci shi ke sayar da ashana.

Lahadi zan fita bayan asuba.
Layin zai yi gajarta, na sani,
ni da tsofaffi da 'yar Wangba mai karatun jinya.
Ban yanke wanda zan zaɓa ba tukuna.
Wanda zan iya tuɓewa gobe nake nema,
kamar rigar da ta matse.

In na dawo, tawada na babban yatsa,
ga farar shaddar liman tana jiran aiki.
Sai Sajo ya ɗinka.
In ya tambayi dalili, in nuna masa hannuna.