Hannu a Kan Haƙarƙari

Shekara goma sha tara ina ɗakin nan
a Mai Wurno, inda iskar kogi ke shigowa ta taga
ta fita da warin aidin.
Tsohuwar na'urar sa barci ta girme ni a aiki.
Mesarta ta tsage wuri uku,
na ɗaure da robar tayar keke.
Tana yoyo, har ni nakan riga akuya yin hamma.

Ba ta da baki, ni ne bakinta.
Tafina a kan haƙarƙari, ina ƙirga numfashi:
"Dakta, ya yi nisa, rage."
Dakta Mahasin ta rage.

Sau ɗaya ƙirgata ta makara.
Ɗan jakin Tukur mai kai ruwa unguwar gabas,
wanda yake reno don ya gaji tsohuwar jakarsa,
ya shiga barcin, bai waiwayo ba.
Tukur bai zage ni ba.
Ya kwance igiyar daga wuya, ya naɗe a hannu,
ya ce, "Sannunku da ƙoƙari."
Da damina jakar ta bi ɗanta.
Har yau ina hango shi da jarka biyu a kafaɗa.

Ran Laraba sabuwa ta iso daga Sinnar
a bayan akori-kura, cikin kwali, kamar mai jin sanyi.
Kuɗin raguna nawa ne? Ban tambaya ba.
Tana da fuskar gilashi, da koren zare
mai tashi yana sauka.
Tana cewa ƙit, ƙit, ƙit,
ba ta gajiya, ba ta tunanin cefanen gida.

Tunkiya ce ta fara hawa teburin,
ɗa ya gitta mata a ciki.
Ana tsakar yanka aka ɗauke wuta,
fanka ta tsaya, gumi ya cika min ido,
ita ko a jikinta: ƙit, ƙit.

Dakta ta dube ni ta saman takunkumi:
"Hamidu, ɗauke hannunka, ta iya ƙirga."
Na ce, "Ta iya, Dakta.
Amma ba ta san Tukur ba."

Ɗan ya fito jiƙe, ya yi atishawa.
Uwar ta farka kafin la'asar, tana neman dusa.

Tsohuwar kuwa tana bayan sito,
zanzaro ya gina ɗaki a bakin mesarta.
Jiya na je zan kwance robar,
keken ɗana ya yi faci.
Na tsaya, na tsaya,
na bar mata.