Ba Direba

Fam goma sha biyu na saye ta,
ranar Lahadi, a kasuwar gwanjo ta Sheffield,
hannun wani tsoho da sanyi ya ja wa hanci.
Ya ce tana bugawa, tana ɗaukar hoto, tana kwafi,
shayi ne kawai ba ta dafawa.
Na rungumo ta har hawa na uku ina haki.

Kwamfutar tsohuwa ce. Barira ta zuba mata Linux
kafin ta koma jami'a.
Ta ce, Baba, wannan rijiyar unguwa ce,
wasu suka haƙa, ba su sa murfi ba,
kowa ya zo da gugansa.

Na jona waya.
Na'ura ta yi tari, ta yi gyaran murya,
sai allo ya ce: ba direba.

Ni?
Shekara goma sha ɗaya ina jan bas
daga Hillsborough zuwa tsakiyar gari,
cikin ƙanƙara, cikin ihun 'yan ƙwallo,
yau akwatin roba ya dubi tsabar idona
ya ce ba direba.

Na kira Barira. Tana ci, ina jin cokali.
Ta ce buɗe baƙin allon nan, rubuta abin da zan faɗa.
Na bi haruffa da yatsa biyu
kamar kaza a kan tsaba.
Ɗigo ɗaya na manta, aka rufe mini ƙofa.
Na sake. Rubutu ya kwararo, fari a kan baƙi,
ban gane ko kalma ba,
amma na ga alamar ana aiki a ciki.

Sha ɗaya saura, firinta ta farka,
ta tofo takardar gwaji da ɗuminta.
Tawadar rawaya ta bushe, sauran da ransu.
Barira ta ce, to ai shi ke nan.
Na ce da sauran rina a kaba,
ba don bugu na sayo ta ba.

Na danna sikana. Allo ya ce ba ni da izini.
Na san maganar nan.
Na sha jin ta ta bayan gilashi,
riƙe da fayil, sanye da rigata mafi kyau.
Barira ta yi dariya: sunanka ne ba ya cikin ƙungiya,
kai ne mai gidan, shigar da kanka.
Na rubuta kalmar sirri, sunan ƙauyen Inna,
na kashe, na kunna, na jira.

Hoton ɗaya ne a duniya.
Mahaifina a ƙofar shagonsa a Gusau,
rediyoyin mutane jere a bayansa, cikinsu a buɗe.
Gara ta ci gefe guda.
Shekara shida Yaya Tasalla tana tambaya,
ni kuma ina tsoron gidan waya.

Na kifa shi a kan gilashi, na rufe.
Haske ya bi ta ƙarƙashin murfi a hankali,
kamar mai neman allura da tocila.
Ya fara saukowa a allo layi-layi:
hula, goshi, tabon da ƙarfen walda ya bari,
idon nan da yake ƙanƙancewa in yana sauraron tasha,
sukundireba a aljihun gaba.

Da shi ne, da bai kira kowa ba.
Zai hura mata iska, ya ɗan mare ta a gefe,
ya ce yi magana mana.

Na tura wa Yaya. Alama ta nuna ta gani.
Ta fara saƙon murya, ta fasa. Ta fara, ta fasa.

Na buga kwafi ɗaya don kaina.
Saboda rashin rawaya ya fito shuɗi
kamar an tsoma shi a marina.
Na manna shi a firji haka nan.
Biyar da arba'in zan tayar da bas,
na'urar kuwa na bar ta a kunne,
ƙaramar fitilarta tana ƙiftawa a falo.